Kundin Fita ta Yini Ɗaya daga Istanbul: Inda Aiki Ya Kai

Lahadi, 22 ga Satumba, 2024

Yau muka tsayar da magana. Za mu haɗa ɗan kundi na garuruwan da mutum zai iya zuwa daga Istanbul da safe ya dawo ya kwana a gidansa, ya yi sayayya, ya ci abinci mai kyau, ya yi sallolinsa a kan lokaci. Don sababbin zuwa muke yin sa, musamman matan da aiki ko karatun mazajensu ya kawo Turkiyya, da ɗaliban da ba su san ko'ina ba sai hanyar makaranta. Duk wanda ya zauna a ƙasar da ba ya jin yarenta ya san yadda wata ke shuɗewa mutum bai taka ko'ina ba sai kantin da ke ƙasan bene. Na san wadda ta shekara a garin nan, teku na hango ta daga taga, ba ta taɓa shiga jirgin ruwa ba, don kawai ba a samu wanda ya ce mata tashi mu je ba. Abin nan yana ci mini rai.

Mun sa wa kanmu sharuɗɗa biyu. Ba za mu rubuta wurin da ba mu taka da ƙafarmu ba. Kuma ba za mu rubuta farashi ba, domin yadda kaya ke tashi a ƙasar nan, kuɗin lirar da aka rubuta yau zai ruɗi mai karatu bayan 'yan watanni.

An raba aiki. Hajiya, wadda ta girme mu kuma ta fi mu daɗewa a nan, ita ce mai ciniki, don Turkanci ya zauna a bakinta. Ɗalibarmu 'yar Sudan mai karatun haɗa magunguna ta ɗauki tikiti da sanin hanya. Maƙwabciyata 'yar Indonesiya ta ce a bar mata hotuna da zaɓen wurin cin abinci. Ni kuma rubutu.

Bursa za mu fara. Tana hayin Tekun Marmara, a gindin dutsen Uludag, kuma ita ce babban birni na farko da Daular Usmaniyya ta Turkawa ta mayar fadarta bayan sarkinta Orhan Gazi ya ci ta a 1326. Amma abin da ya ja mu shi ne kasuwanninta da babban masallacinta da gidajen abincinta duk a dunƙule suke wuri ɗaya, ana iya zaga su da ƙafa.

Alhamis, 3 ga Oktoba, 2024

An sayi tikitin zuwa da dawowa na ranar Asabar, 12 ga wata. Kamfanoni biyu ne aka sani da wannan hanya, BUDO da İDO, dukansu kuma a gaɓar gundumar Mudanya suke sauke fasinja. Jiragen ba daga tasha ɗaya suke tashi a Istanbul ba, don haka abu na farko da zan rubuta a shafin shi ne mutum ya karanta sunan tashar da ke jikin tikitinsa tun daren jiya. Tafiyar kan ruwa kusan awa biyu ce. Daga Mudanya sai bas zuwa tashar Emek, daga nan jirgin ƙasa na cikin gari zuwa Shehrekustu, wadda ke bakin tsofaffin kasuwanni. Katin mota na Istanbul ba ya aiki a can, Bursa tana da nata.

An ɗan ja a kan tsarin yini. Ɗalibarmu ta zo da jerin wurare cike da takarda: ƙauyen Jumalikizik, keken igiya mai hawa Uludag, Koren Kabari, gadar Irgandi mai shaguna a kanta. Hajiya ta duba takardar ta ce, "'Yata, wannan ai aikin sati guda ne. Mu yawon shan iska za mu, ba tsere ba." Da ita na yarda. An bar abu huɗu: kasuwar siliki, masallaci, abincin rana, kasuwar tawul. In lokaci ya ragu, a hau Tophane, tudun da ake hango garin daga kansa.

Asabar, 12 ga Oktoba, 2024, da dare

Mun je mun dawo lafiya, alhamdu lillahi. Ƙafafuna na zogi amma barci ya ƙi zuwa, gara in rubuta tun abin yana da ɗumi.

Teku ya kwanta lumui da safe. Maƙwabciyata ta zo da simit, burodin nan mai zobe da riɗi a jiki, muka sayi shayi a cikin jirgi, hira ta ɓarke tun ba mu bar gaɓa ba. Mu da muke haɗuwa a tsaitsaye, kowa na sauri, yau ga awa biyu babu inda za mu. A nan na fara jin labarin yadda Hajiya ta koyi Turkanci: a wurin wata tsohuwa maƙwabciyarta da ke kiran ta shan shayi kullum da la'asar, ba wadda ke jin wata, har Allah ya sa suka fara fahimtar juna.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya muka shiga Koza Han, kasuwar silikin. Sai an ratsa cunkoson kasuwa, ana ta kauce wa masu tura kaya, sannan a bi ta wata babbar ƙofar dutse, kwatsam sai ga fili. Gini ne mai hawa biyu da ya kewaye tsakar gida, shaguna a jere sama da ƙasa, manyan bishiyoyi sun yi wa wurin rumfa, a tsakiya kuma ga ɗan ƙaramin masallaci mai kusurwa takwas da aka ɗora a kan wurin alwala. Sarki Bayazid na Biyu ne ya sa aka gina shi, aka gama a 1491, kuɗin hayar da yake kawowa kuma aka yi waƙafinsa ga masallacinsa da ke Istanbul. A zamanin, ayarin fatake na kawo ɗanyen siliki daga Farisa zuwa Bursa, 'yan kasuwar Italiya su zo su saya su wuce da shi Turai. Daga baya mutanen yankin suka kama kiwon tsutsar da kansu, suna ciyar da ita ganyen bishiyar da ake kira dut, kuma a tsakar gidan nan manoma ke zube buhunan ƙunshin da tsutsar ke saƙawa, a yi ciniki a farkon bazara. Yanzu kiwon ya ja baya sosai, teburan shayi ne suka cike filin. Ko Sarauniyar Ingila Elizabeth ta Biyu ta shigo nan a ziyararta ta 2008.

Shagunan siliki a sama suke. A nan ne na ga amfanin tafiya da babba. Ni da na ga gyale mai sheƙi sai in ce ya yi, amma Hajiya ta ɗaga ɗaya, ta murza shi a tafin hannu, ta ajiye ba ta ce komai ba. A shago na gaba ta tambayi mai shagon, wani dattijo mai tabarau rataye a wuya, ko zai yarda a gwada. Ya yi murmushi ya ce, "Buyurun, abla," wato bismillah, yaya, ya zaro zare guda daga gezar gyalen, ya kunna masa ashana a kan faranti. Zaren ya ci wuta a hankali, ya mutu da kansa, warinsa irin na gashin da ya ƙone. Ya miƙo mini abin da ya rage in murza, ya zama gari baƙi a yatsana. Sai ya ɗauko wani gyalen daga ƙasan kanta ya yi masa haka. Wannan ya narke, ya dunƙule ya zama ɗan ƙwallo mai tauri, da warin roba. Ya ce duka biyun yana sayarwa, kowanne da kuɗinsa, kuma ba ya ɓoye wa kowa wanne ne wanne. Dalilin bambancin a fili yake: siliki daga jikin halitta ya fito kamar gashi, ɗayan kuwa daga man fetur ake yin zarensa.

A wurinsa muka yi sayayyarmu. Ya aika yaro ya kawo shayi a 'yan kofunan gilashin nan masu siririn ƙugu, muka zauna, aka yi ta sauke kaya. Cinikin Hajiya abin kallo ne. Ba ta kushe kaya, ba ta ɗaga murya. Ta yaba gyalen, ta tambayi lafiyar iyalinsa, ta ce mu huɗu ne kuma kowa za ta ɗauka, sannan ta faɗi abin da za ta iya biya a dunƙule ta yi shiru. Ya danna na'urar lissafi, ya juyo mata da ita, ta girgiza kai tana dariya, ya sake dannawa. Ragin bai kai yadda ta nema ba, amma ya fi abin da ni kaɗai zan samu nesa ba kusa ba. Na ɗauki gyale launin ganyen zaitun da wani ja mai duhu. Maƙwabciyata ta daɗe tana jujjuya wani shuɗi, ta ajiye, ta ɗauka, har muka taru muka ce mata wallahi ya karɓe ta, sannan ta biya. Da ita kaɗai ce da ta bar shi, ta dawo gida tana tunaninsa.

Kiran sallar azahar ya same mu a nan, Ulu Jami, babban masallacin garin, kuwa taku kaɗan ne. Bayazid na Ɗaya ne ya gina shi tsakanin 1396 da 1399. Ana cewa ya yi alwashin gina masallatai 20 in ya yi nasara a yaƙin Nikopolis, da nasarar ta samu sai aka ba shi shawara ya gina guda ɗaya mai ƙubba 20. Ƙubbobin nan suna nan, a kan manyan ginshiƙai 12. Abin da ban taɓa gani a wani masallaci ba shi ne wurin alwala a tsakiyar cikinsa, ƙarƙashin wata ƙubba mai gilashi, haske na sauka a kan ruwan, ƙararsa na tashi a hankali mutane na salla a gefe. Bango da ginshiƙai duk rubutun Larabci ne manya-manya, wasu haruffan sun fi tsayin mutum. Mumbarin na katakon goro ne na Turawa, wanda Turkawa ke kira jewiz, an harhaɗa guntayensa suna riƙe da juna. Bayan salla ba wadda ta yi maganar tashi. Mun zauna a kan kafet muka miƙe ƙafa, ɗalibarmu tana karanta mana abin da ta iya karantawa a bango.

Sai abinci. Wanda ya je Bursa bai ci Iskandar kebab ba, a ganina bai gama zuwa ba. Sunan wani mai gashin nama ne na garin a ƙarni na 19, Iskandar Efendi, kuma zuri'arsa na cikin sana'ar har yau. Mun tarar da layi a ƙofar gidan da maƙwabciyata ta zaɓa, muka bi, bai daɗe ba domin abinci ɗaya kawai suke yi, ba a ɓata lokaci wajen zaɓe. Ga yadda yake zuwa: an yayyanka gurasa an shimfiɗa a ƙasan faranti mai zafi, an rufe ta da nama da aka yanko siriri-siriri daga jikin gashin da ke juyawa a tsaye, an zuba miyar tumatir, a gefe ga kindirmo mai kauri da gasasshen tumatir da koren barkono. Kafin ka kai hannu sai ga ma'aikaci da kasko a hannunsa, man shanu na tafasa a ciki yana kumfa. Ya tsaya a kanka, ya tuttula, farantin ya yi ƙara, ƙamshi ya tashi ya cika teburin. Daɗin yana ƙasa, a gurasar da ta sha mai da romon nama, sai a haɗa ta da kindirmo mai sanyi a cokali ɗaya. Hira ta ɗauke ɗif. Da muka gama Hajiya ta jingina da kujera ta ce, "Ƙanwata, ki rubuta a kundinki cewa kada kowa ya ci wani abu mai nauyi kafin ya zo nan." Na rubuta.

An yi 'yar rigimar biyan kuɗi, kowa na ture hannun wata. A ƙarshe aka yarda cewa daga yau za a riƙa tara kuɗin abinci da na mota a hannun mutum ɗaya tun a jirgi, sayayya kuma kowa da aljihunta. Ɗaliba ba ta da abin da mai aiki ke da shi, kuma bai kamata kunya ta hana ta zuwa fita ta gaba ba.

Kasuwar masu tawul ba mu daɗe a cikinta ba. Bursa ta yi suna da tawul tun da, ko da yake yanzu Denizli ce ta fi yawan masaƙu. Na sayi na wanka biyu masu nauyi da siraran mayafan wanka da ake kira peshtamal, masu saurin bushewa. Muka biya shagon kayan zaƙi don kestane shekeri, wato alewar kestane, wani ɗan itace mai gari-gari da ake samu a dazukan Uludag, a ɓare shi a dafa cikin ruwan sukari har ya yi laushi yana ƙyalli. Shi ne tsarabar garin, kusan duk wanda muka gani a jirgin dawowa yana riƙe da kwalinsa.

Lokaci ya ragu, muka hau Tophane da ledojinmu. Hawan akwai gajiya. A can kaburburan Usman Gazi, wanda ya kafa daular, da ɗansa Orhan suke, gine-ginen da ke kansu an sake su ne bayan girgizar ƙasar 1855. Muka yi musu addu'a, muka zauna kusa da hasumiyar agogo muna kallon garin shimfiɗe a ƙasa, aka sake shan shayi. Ɗalibarmu ta ce tun da ta zo ƙasar nan ba ta yi dariya irin ta yau ba. Ni ma haka.

Lahadi, 13 ga Oktoba, 2024

Na rubuta daftarin shafin Bursa. Da na lissafa yadda yinin ya tafi, sai na ga lokacin da muka yi a zaune ya fi wanda muka yi a tsaye: jirgi, shagon dattijo, masallaci, teburin abinci, Tophane. Kuma a wuraren zaman nan ne duk abin da nake tunawa ya faru. Saboda haka na tsara shafin a kan wuraren zama, tafiyar da ke tsakaninsu kuma na rubuta mintocinta. Wanda ya shekara a ɗaki shi kaɗai, abokan hira yake nema kafin gine-ginen tarihi.

Hotuna sun iso. An zaɓi na ƙofar Koza Han daga waje, don mutum ya gane ta cikin cunkoso.

Laraba, 23 ga Oktoba, 2024

Gwajin farko. Mun ba wasu ma'aurata da suka zo ƙasar a watan Agusta shafin, suka tafi Asabar da ta wuce da jaririnsu, ba wanda ya raka su. Jiya matar ta zo gida, har da kwalin kestane ta kawo mini. Ta ce, "Anti, takardarku ta kai mu ta dawo da mu, amma akwai abin da ba ku faɗa ba."

Gaskiyarta. Keken jariri ya ba su wahala a matakalar hawa sama a Koza Han da hawan Tophane, gara a goya ko a rungume. Ta sha neman wurin alwalar mata da banɗaki. Kuma shafin bai ce komai a kan mai shagon da ya ƙi yarda a ƙona zare ba. Na tambayi Hajiya, ta ce ba dole ba ne ƙin yardar ya zama ha'inci, wani gyalen ba shi da geza, ba inda za a zaro zare ba a ɓata shi ba. A irin wannan sai a duba ɗan ƙyallen da ke ɗinke a gefe, a ga ko an rubuta ipek, wato siliki, ɗari bisa ɗari, a kuma yi hattara da abin da araharsa ta yi yawa. Duk na ƙara.

Mijinta ya kawo batun da ya fi kowanne muhimmanci. Wani abokin aikinsa ya gaya masa cewa da kaka da hunturu akwai iskar kudu maso yamma da ake kira lodos, in ta taso Tekun Marmara yakan yi haushi har a soke tashin jirage. Wanda ya je da safe lafiya yana iya rasa jirgin dawowa. Yanzu shafin ya ce a duba hasashen yanayi kwana ɗaya kafin tafiya, kuma in an soke jirgi a nufi babbar tashar motar Bursa a hau bas. Tun da aka buɗe gadar Osmangazi a 2016 a kan mashigin Izmit, hanyar mota ta ragu sosai, ba sai an zagaye ruwan ba.

Ta tambaya ko za ta iya bin mu fita ta gaba. Na ce mata da ma don haka ake yin kundin.

Asabar, 9 ga Nuwamba, 2024

An kammala shafin Bursa, an tura wa waɗanda suka nema ta WhatsApp. Ɗalibarmu na mayar da shi Larabci, maƙwabciyata kuma yarensu. Jumalikizik da keken igiyar Uludag za su samu shafinsu daban in bazara ta zo.

Gari na biyu Edirne ne, can kusa da iyakar Girka da Bulgeriya, wadda ita ma ta yi zaman fadar Usmaniyya kafin a ci Istanbul a 1453. Babu ruwa a hanyar, bas ne daga tashar Esenler, don haka ba ruwanmu da lodos. A can masallacin Selimiye yake, aikin shahararren maginin daular, Mimar Sinan, masallacin da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2011. Ana gyaransa a 'yan shekarun nan, ɗalibarmu za ta binciko inda aka bari a buɗe don salla. Sayayya a kasuwar Ali Pasha, ita ma ginin Sinan ce: sabulai masu siffar 'ya'yan itace da alewar almon. Abincin rana soyayyar hanta da aka yanka siriri, wadda garin ya yi suna da ita, ana ci da busasshen barkono soyayye. Maƙwabciyata ba ta cin hanta, ta ce za ta nemo gidan da ke yin ƙwallon nama a kusa don kowa ya samu nasa.

Matsalar wannan karon gajeren yini ne. Turkiyya ba ta canza agogo da hunturu tun 2016, saboda haka a ƙarshen Nuwamba rana ba ta fitowa sai wajen ƙarfe takwas, kuma kafin shida an yi magariba. Dole mu yi asuba a gida mu fita cikin duhu, mu rage wurare zuwa uku. Yawanmu ma ya ƙaru, sababbi sun shigo, har da mai jariri, don haka sai an kira gidan abinci tun da wuri a tanadar mana tebur.

An sa ranar Asabar, 23 ga Nuwamba, in Allah ya kai mu. Tikiti a hannun ɗalibarmu, za ta saya ranar Litinin. Ni kuma kafin nan zan rubuta ɗan shafi na jimlolin Turkanci da ake buƙata a kasuwa da gidan abinci, Hajiya ta duba mini shi ranar Alhamis.